Rijiyar Naga da gidajen bautar Kush

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda suka taɓa bin hanyar Khartum zuwa Atbara a ƙasar Sudan, ka wuce wani wuri mai tsohon tarihi, ko da ba ka lura ba. Kusan kilomita 200 arewa da Khartum, a gefen titi, akwai dalolin Marawi ta dā, wato Meroe, babban birnin daular Kush. Can ciki kuma, cikin dajin Butana, akwai gidajen bauta na Naga da na Musawwarat.

Mutanen Kush masu shanu ne kuma 'yan kasuwa. Zinariya, hauren giwa da itacen kanya suke turawa Masar, suna narka ƙarfe har tarin kashinsa yana nan a Marawi zuwa yau. A Naga, Sarki Natakamani da Sarauniya Amanitore suka gina wa gunkinsu Apedemak, mai kan zaki, gidan bauta a ƙarni na 1 miladiyya. A bangon ƙofar an zana sarauniyar tana riƙe da gashin abokan gaba, tsayinta ɗaya da na sarkin. Daular ta faɗi wajen shekara ta 350.

To amma kai makiyayi, abin da zai fi ɗaukar hankalinka shi ne ruwa. A Musawwarat sun haƙa babban tafki, hafir, don tare ruwan damina, dabarar da ake yi har gobe a Sudan. A Naga kuma, dab da kangon, akwai rijiya mai zurfi inda makiyayan Butana ke shayar da raƙuma da awaki, jaki yana jan igiyar guga yana nisa kafin wasaki ya fito.

Baƙi ba duka suka zo da alheri ba. A 1834 wani Bature ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya rushe dalolin yana neman dukiya, ya kwashe kayan adon zinariya na Sarauniya Amanishakheto, waɗanda yanzu suke Jamus. Ɓarawo ne, ko da littattafai sun kira shi mai bincike. A 2011 UNESCO ta sa wuraren cikin kayan tarihi na duniya.

Kafin yaƙi, za ka ga matasa daga Turai da Asiya suna zuwa su kaɗai, jaka a baya. Daɗin abin, mutum zai wuni cikin kango ba kowa sai shi da mai gadi, kuma da wuya ya wuce bukka ba a kira shi shan shayi ba. Wuyar ita ce motar haya ba ta shiga Naga. Sai ya sauka Shandi ya yi shatar mota, kuɗin da mutum huɗu za su raba ya biya shi kaɗai. Katin banki ba ya aiki saboda takunkumi, dole ya ɗauki tsabar kuɗi a jiki, ga rajistar 'yan sanda, ga zafin da ke haura digiri 40. Ku fatake kun san wannan hali, ba sai an faɗa muku ba.

Tun Afrilun 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, ƙafar baƙi ta ɗauke. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, inda aka ajiye kayan Kush da yawa, kuma masu kula da tarihi suna fargabar kayan sun bi iyakoki zuwa kasuwannin waje. Idan wani ya kawo maka ɗan gunki ko tsohon zobe a tasha yana cewa daga Sudan ya fito, kada ka saya, kada kuma ka yarda a cusa maka shi cikin lodi.