Daga Gingimari zuwa Tirela a Ƙasar Rake

Jakuna ne suka fara dakon ƙasar Makarfi. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, su ke kai auduga da gyaɗar Ikara da Kudan bakin dogo, a jibge buhuna a tashoshi irin su Gimi. Mota ta zo ta karɓe aikin jaki, da reluwe ta sukurkuce kuma ta haɗa da na jirgin.

Motar da ta yi wannan aiki ita ce gingimari, Marsandi 911 mai bodin katako. Kai da shasi ake sayowa, kafintoci su ɗora bodi, mai fenti ya zana zaki ko dawisu a ƙofar baya. Kawuna ya tsufa a cikinta. Karen mota ya fara: wanki, ɗaurin tamfol, dirowa da gudu a sa weji idan mota ta ƙi hawa tudu, kwana a ƙarƙashinta saboda ɓarayi. Sai da maigidansa ya gamsu da hannunsa sannan ya yaye shi. A zamaninsu amana ce jarin direba. Mai mota ya miƙa makulli, shi ke nan, sai an dawo. Direba ne zai nemi lodi wurin 'yan kamasho, ya sha mai, ya sallami yara, ya kawo balas. Fasinjan da ya hau saman kaya kuwa, kuɗinsa na direba ne da yaransa, ba mai tambaya.

Yau in ka zauna wurin mai shayi a Tashar Yari, kan titin Zariya zuwa Kano, za ka ji sana'ar ta rabu gida-gida, kowa da irin bodin da yake ja. Mai tirelar siminti ta kamfani yana da albashi da kuɗin hanya, amma an auna masa gas, an kuma maƙala wa motar na'urar da ke nuna inda ya tsaya. Buhu ya fashe, a cire a albashinsa. Mai tanka ya fi samu, sai dai layin daffo na cinye masa kwanaki, ga wuta yana ja a bayansa. Mai ɗaukar rake yana da sauƙi ta wani gefen, don rake na da haƙuri, amma a kan lafta shi har sifirin ya kwanta, kuma in ya karye a daji, direba ne zai kwana gadi.

Wanda na fi tausaya wa shi ne direban kayan gwari. Da yamma ake lodin tumatir, a jera kwanduna, a gitta katako, a sake jera wasu a sama. Daga nan agogo ya fara cinsa. Tsakaninsa da kasuwar Mile 12 a Legas ya haura kilomita 800, ta Mokwa da Jebba da Ilori, ga ramuka, ga shingaye, kowane da abin da za a ajiye. Hanyar Birnin Gwari da ta fi kusa, an yi shekarun da tsoron 'yan bindiga ya sa da yawa suna zagaye ta. Dillali na kira, mai kaya na kira, barci kuwa sai goro da shayi mai kauri. In ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ya san za a yi rigima a kan cikon kuɗinsa. An kafa kamfanin tumatir a Ikara a 1981 don a riƙa sarrafa shi a gida, amma ya shafe shekaru masu yawa a kulle, direba ya ci gaba da tsere da ruɓewa.

A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, dillalan abinci da shanu suka tsayar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir ya yi tsada a Legas, a gonakinmu kuma ya rasa mai saye. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk da wannan nauyi da ke wuyansu, yawancin masu jan motocin 'yan kasuwa har yau ba su da takardar aiki, balle fansho, ko da yake ƙungiyar direbobi ta NURTW na nan tun 1978.

Na ji wani saurayi mai jan DAF yana ce wa kawuna, "Baba, ku kun more, ba mai bin sawunku."

Ya ce, "Yaro, in kamfani ya ɗauke ka, ka je. Ni da idona ya raunana, makulli kawai aka karɓa."