Tarihin Garkuwa da Bayanan Kwamfuta

Garkuwa da bayanan kwamfuta don neman kuɗin fansa ta faro ne a 1989, lokacin da Joseph Popp, ɗan Amurka, ya aika faifai kusan 20,000 ta gidan waya. Manhajar da ke ciki takan ɓoye fayilolin mutum, ta nemi ya tura dala 189 zuwa Panama. Ɓullowar kuɗin intanet na Bitcoin ta sauƙaƙa wa ɓarayi karɓar fansa a ɓoye. A Mayun 2017, wata manhajar garkuwa mai suna WannaCry ta afka wa ƙasashe kusan 150, har aiki ya tsaya a wasu asibitocin Ingila. A 2021, kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Shi ya sa kamfanoni ke adana kwafin bayanansu nesa da intanet.