2.3 Taƙaitaccen Tarihin King Hu da Ayyukansa

An haifi Hu Jinquan, wanda aka fi sani da King Hu, a birnin Beijin na ƙasar Sin a shekarar 1932. Ya yi ƙaura zuwa Hong Kong a 1949, inda daga bisani ya kama aiki da kamfanin Shaw Brothers.

A 1966 ya shirya "Come Drink with Me", wanda ya kawo sabon salo ga finafinan takobi da ake kira wuxia. Abin lura a nan shi ne, mace ya bai wa jarumtar fim ɗin, wato Cheng Pei-pei, kuma ya tsara faɗace-faɗacen bisa takun wasan kwaikwayon gargajiya na Beijin.

Duk da wannan nasara, sai ya bar kamfanin ya koma Taiwan, inda ya shirya "Dragon Inn" a 1967. Fim ɗinsa "A Touch of Zen" kuwa ya sami lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1975. Sai dai finafinansa na baya ba su yi irin wannan kasuwa ba. Ya rasu a Taipei a 1997.