Filo a Gure: darasin da ya zo da bak

Falsafa ta shigo lakkol ɗin Nijar ne cikin kayan Faransa. Can aka kafa jarabawar bak a 1808, aka mai da falsafa rawanin ajin ƙarshe na lise, kuma bayan 'yancin kai na 1960 muka gaji tsarin yadda yake. Shi ya sa har gobe ɗan tarminal a Gure, wanda ya tashi da Barbarci ko Hausa a gida, yake haɗuwa da Aflatun da Descartes cikin Faransanci, yana haddace zantukansu don ya cika takardar disertasiyo. Daga baya littattafan Marcien Towa (1971) da Paulin Hountondji sun kawo gardamar ko Afirka tana da falsafarta. An ci gaba, amma ita ma gardamar da Faransanci aka yi ta, Turawa ake ba amsa.

Mu masu koyar da filo, wato falsafa, mun daɗe muna shiga ta ƙofar baya. Ƙasar nan ta san mantiƙi tun kafin a gina aji ɗaya na boko. A zaurukan malamai ana karanta Sullam na Al-Akhdari, ana karanta Ummul Barahin ta Sanusi, wadda take buɗewa da rarrabe abin da hankali ya wajabta, da wanda ya kore, da wanda ya ce mai yiwuwa ne. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubutu kan falsafa a ƙasar Sakkwato. Yaron da aka fara masa daga nan zai karɓi Aristotle hannu biyu, domin mantiƙin zaure ma daga gare shi ya gangaro.

Iyaye kan ce filo tana raba yaro da addini, suna kafa hujja da Gazali. To, Gazalin da ya soki masana falsafa shi ne kuma ya rubuta littattafai kan mantiƙi, ya ce mizanin ilimi ne. Ƙorafin abokan aiki ya fi ƙarfi: manhaja daga Yamai take zuwa, mai gyaran takardar bak kuma sunayen da ya sani yake nema. Gaskiya ne. Sai dai disertasiyo ba ta neman komai illa a kawo magana, a kawo kishiyarta, a auna su, kuma ɗalibin da ya fara wannan awon da harshensa a makonnin farko, rubuta shi da Faransanci kaɗai ya rage masa.