Bindiga da Izinin Hukuma a Ƙasar Rano

Duk wanda ya zaga kasuwannin Rano da Kibiya, tun daga rumfunan hatsi har zuwa na 'yan koli, ba zai tarar da kantin da aka baje bindigogi ana ciniki ba, irin na Amurka, inda tsarin mulki ya tabbatar wa talaka haƙƙin riƙe makami tun 1791. Wannan bambanci kuwa asalinsa ya girmi zuwan Nasara.

Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15, sa'ad da Dagaci ya zo da ita daga Barno, sa'an nan Babba Zaki (1768-1776) ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Watau tun fil azal kayan sarauta ce, bayin sarki ke riƙe ta. Ko da Ningawa suka addabi kudancin Kano a ƙarni na 19, suna kame mutane a gonaki, galibin talakawan Rano, Autan Bawo, da baka da mashi suka tsare kansu, suna fakewa da ganuwa da duwatsu.

Turawa, a yarjejeniyar Birasal ta 1890, suka hana sayar wa mutanen wannan nahiya bindigar zamani, suka bar musu ta toka kaɗai, hikimar da ta bayyana a 1903, ranar da igwa ta fasa Bebeji kafin a isa Kano. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 a kan wannan tafarki ta ginu: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar harbin tsuntsu sai da lasisin Sufeto Janar, harba-ka-ruga kuwa sai da na Kwamishinan 'yan sanda.

Saboda haka maƙera ce kantin maharbi. A nan ake samun bututun ƙarfe a toshe gindinsa, a huda kafar wuta, masassaƙi ya fere ƙota, a ɗaura kunama. Maharbi ya ɗura albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya zuba gutsattsarin ƙarfe, harbi ɗaya tak sai ya sake ɗuri. Da ita ake korar birai daga dawa, da ita ake yi wa sarki taho ran hawan salla.

Lalle ba na fatan kantunan Amurka su zo mana, domin fitinarsu a bayyane take. Birtaniya ma ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara a Dunblane. Abin da ke ci mini rai shi ne, shari'ar da ta ɗaure hannun manomi mai gadin gonarsa ba ta kai ga ɓarayin shanun da suka riƙa ɓuya a dajin Falgore da bindigogin yaƙi ba.