Sigar Aikatau Da Faransawa Suka Yar, Muka Tsinta

Bahaushe yakan ce "ina so ya zo", in kuma abin ya wuce ya ce "na so ya zo". Kalmar "zo" ba ta motsa ba. Bafaranshe na asali kuwa sai ya sauya ta: vienne a na farko, vînt a na biyu. Wannan ta biyun ita ce imparfait du subjonctif, wato sigar fata a shuɗaɗɗen lokaci.

Daga Latin aka gado ta. 'Yar hular nan da ke kan vînt ko fût kuwa kabarin harafin s ne da aka daina furtawa. Ƙamus na Académie française na 1740 ya yawaita ta a madadinsa.

To, su kansu masu harshen ta gundure su, don siffofi irin su aimassions sun yi wa kunne nauyi. A ranar 26 ga Fabrairu, 1901, ministan ilimi Georges Leygues ya ba da doka cewa a wasu wurare kada a ci ɗalibi gyara in ya sa vienne.

Abin mamaki, mai karatu, a lokacin nan ne Faransa ke kafa mulki a ƙasar Nijar. Makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, ta yaye malamai masu tsantseni kan nahawu. Yaron Damagaram, wanda ake rataya wa symbole in ya kuskura ya yi Hausa a aji, shi aka sa ya haddace fusse, fusses, fût, alhali ɗan Paris ya bar su a littafi.