Coniesta

Coniesta jinsi ne na ƙananan asu, wato ƙwarin nan masu kama da malam-buɗe-littafi waɗanda suke tashi da dare. Yana cikin dangin Crambidae. Nau'in da aka fi sani a cikinsa shi ne Coniesta ignefusalis, wanda tsutsarsa take huda karan gero a yankin Sahel, tun daga Senegal har zuwa Nijar, arewacin Najeriya da Chadi.

Rabe-rabe

Masanin ƙwari ɗan Ingila George Hampson ne ya bayyana jinsin a shekarar 1919. An sanya shi a ƙaramin dangin Crambinae, inda mafi yawan tsutsotsi suke rayuwa a kan ciyayi da hatsi. Nau'o'insa ba su da yawa. A tsofaffin littattafan noma ana samun nau'in gero da sunan Acigona ignefusalis ko Haimbachia ignefusalis, amma duk ƙwaro ɗaya ake nufi. Ya bambanta da Busseola fusca mai huda karan dawa, wanda yake cikin dangin Noctuidae.

Kamanni

Idan babban asun ya buɗe fukafukansa, faɗinsu yakan kai milimita 22 zuwa 30. Fukafukan gaba ruwan ƙasa ne mai ɗan ja da ruwan zinare, na baya kuma farare ne masu sheƙi. Tsutsar damina tana da launin toka da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Idan rani ya shigo sai ɗigon ya ɓace, jikinta ya koma fari-fari, har wanda bai sani ba ya ɗauka wata tsutsa ce dabam.

Rayuwa

Macen tana saka ƙwai rukuni-rukuni a tsakanin kuben ganye da kara. Bayan kimanin kwana goma sukan ƙyanƙyashe, tsutsotsin su huda karan su shiga ciki suna cin ɓargonsa. A can suke girma har su rikiɗa su fito asu. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kusan wata biyu, don haka ana samun zuriya biyu zuwa uku a damina ɗaya. Binciken K. M. Harris na shekarar 1962 yana cikin na farko da suka bayyana wannan zagaye a Najeriya.

Tsutsotsin zuriyar ƙarshe ba sa rikiɗa. Suna kwanciya a cikin busasshen kara tsawon rani, wata shida ko fiye, sai ruwan sama ya sauka sannan su ƙarasa girma. Bayan gero, suna shiga dawa, masara da wasu ciyayin daji kamar gamba.

Ɓarna

Idan tsutsar ta shiga gero yana ƙarami, tsakiyarsa takan bushe ya mutu. Idan ya girma, karan yakan yi rauni ya karye, ko zangarniyar ta fito ba tsaba. Maiwa da geron da aka makara wajen shukawa sun fi shan wahala, domin lokacinsu ƙwarin sun riga sun yi yawa.

Gero shi ne babban abincin da ake nomawa a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. A garuruwa irin su Ɗanzomo ana amfani da kara wajen yin darni, rumbu da rumfa. Irin wannan kara da aka jingine ko aka yi gini da shi yana zama mafakar tsutsar, kuma daga nan asun yake fita zuwa gonakin da suke kusa da gida a farkon damina.

Kariya

Saboda haka kariya tana farawa ne daga kara. Masana suna ba da shawarar a sare shi da zarar an gama girbi a shimfiɗa a ƙasa, domin zafin rana ya kashe tsutsotsin, ko a ɗan babbaka wanda za a yi gini da shi. Shuka da wuri ma tana rage ɓarna. A shekarun 1990, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gwada tarko mai ɗauke da ƙamshin macen, wanda yake jawo mazan su faɗa cikin ruwa.